Alhamis, ranar kasuwar Maigatari

Yau ban leƙa kasuwa ba. Da hantsi sakataren ƙungiyarmu ta manoman riɗi ya iso da laftof a cikin leda, wai manhajar rubuta awo da bashin taki ta ƙi tashi. Ɗan yayana ne ya rubuta ta da Python, yaren rubuta manhaja, lokacin hutu, kuma a tasa kwamfutar lafiya lau take aiki. Na jona laftof ɗin a sola, na buɗe.

Ashe a hanyar zuwa foldar gidan mai kwamfuta, inda manhajar ke ajiye fayil, yaron C:\Users\ ya rubuta, ya bi shi da sunansa ɓaro-ɓaro. Kamar ka yi wa ɗan aike kwatancen gidanku, ka ce ko wane gari ya sauka nan zai kai saƙo.

Na kira shi. "Baffa, ai sai in sa ta ɗauko sunan mai kwamfutar ta liƙa a wurin." Na ce ba ka tsira ba. Laftof ɗin sakatare na hannu ne, an canza sunan asusun, amma foldar na nan da sunan wanda ya sayar, don Windows ba ta canza mata suna. Kuma C:\Users ɗin ma da Windows Vista ya zo; a Windows XP, Documents and Settings ne. A Mac /Users ne, a Linux /home, shi kuwa root, babban asusun na'urar, nasa /root ne can gefe, mai kula da na'ura kuma yana iya kai foldar gidan mutum wani faifan dabam.

Na ce masa ya daina canki-canka, ita na'urar ta san amsa, tambayarta ake yi. A Linux da Mac ana duba HOME, wani suna da na'urar ke ajiye hanyar foldar gida a cikinsa, in babu sai a nemi bayanan asusun, waɗanda a Linux galibi suna cikin /etc/passwd. A Windows USERPROFILE ake dubawa. Duk wannan umarnin Path.home() na yin sa tun Python 3.5, layi ɗaya tak. Daga 3.8 ma masu Python sun daina kula HOME a Windows, kuma a ganina sun kyauta, tunda irin su Cygwin, masu kawo kayan aikin Unix cikin Windows, kan kafa nasu HOME ɗin da salon Unix su rikita lissafi. Na ƙara ja masa kunne kan haɗa hanya da hannu: mu da muke da Isma'il da Sa'adatu, ga masu sa suna biyu da tazara a tsakani, ya bar pathlib, ɓangaren Python mai kula da hanyoyin fayil, ta haɗa.

Inda muka ja da shi shi ne wurin ajiya. Ya karanta cewa a Windows APPDATA ake zubawa, a Linux ~/.config, a Mac Library/Application Support. Haka ne, amma saituna. Littafin bashin mutane fa? AppData a ɓoye take, sakatare kuwa duk Juma'a yana kwafe fayil ɗin a filashi ya kai wa shugaba. Na ce saituna su tafi can, littafin kuma manhajar ta tambaye shi inda yake so a karon farko, ta riƙe.

Sai bayan la'asar gyaran ya shigo ta WhatsApp, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Manhajar ta tashi. Sakatare ya shigar da awon mutum uku a gabana, ya ce "Malam, Allah ya saka," ya hau babur. Gobe in Allah ya kai mu zan gwada ta a tsohuwar kwamfutar shago mai Ubuntu, har da sudo, umarnin aiki da ikon root, don yana iya mayar da HOME zuwa /root.