Karol ɗin da muka yi daga bakin ƙofa

Duk shekara in Disamba ta kama a unguwarmu nan Jos, mu 'yan waƙa na coci mukan bi gida gida da dare muna waƙoƙin Kirsimeti da ake kira karol, da ganga da kacau-kacau, 'yan zumuntar mata su biyo mu da tulunsu, yara a baya sai tsalle, ga sanyin hunturu har cikin ƙashi amma ba wanda ya damu. Kowane gida sai an ce ku shigo ku shigo, a kawo cincin da zoɓo, a yi addu'a, a wuce gaba.

A 2020 abun ya zo da wani iri. Tun 27 ga Fabrairu da aka samu mutum na farko mai korona a Legas rayuwa ta canja, muka sha kulle, da aka sassauta muka ɗauka an gama, sai ga ta ta dawo da ƙarfi daidai Disamba, har gwamnanmu na lokacin Simon Lalong ya kamu, kwamitin shugaban ƙasa kan korona da Boss Mustapha ke jagoranta kuma ya ce a rage taro. Muka zauna bayan sujada ana ta gardama, wasu na cewa a fasa kawai, wasu na cewa cutar masu kuɗi ce ina ruwanmu. Wata 'yar'uwa a cikinmu da ke aikin nas ita ta sa kowa ya yi shiru, ta ce waƙa ta fi magana watsa cutar saboda numfashin da mutum ke turowa da ƙarfi, ta ba mu labarin wasu mawaƙa a jihar Washinton ta Amurka, su 61 suka haɗu gwajin waƙa a watan Maris, sama da 50 suka kamu, biyu suka rasu. Kuma gidajen da muka fi shiga ai na tsofaffi ne.

Ni dai ban yarda a fasa ba, don tun asali saboda waɗanda ba sa iya zuwa coci ake wannan yawon. Aka tsaya kan mutum 8 kacal, kowa da takunkumi, a tsaya nesa da juna a waje, ba shiga, ba musabaha, ba cin komai.

Wannan na ƙarshen shi ya fi min ciwo gaskiya. Akwai wata Mama gwauruwa a ƙarshen layinmu, tana fama da hawan jini da ciwon suga, tun Maris ba ta taka coci ba, 'ya'yanta duk suna Abuja hanya ta gagara. Da muka tsaya bakin get ɗinta muka fara, muryarmu na fitowa a toshe cikin takunkumi kaman daga cikin rijiya, sai ga labule ya motsa, ta buɗe taga ɗaure da ɗankwali da suwaita biyu, riƙe da tsohon littafin waƙoƙinta wanda bangon ya yage an ɗinke da zare. Ba ta ko buɗe shi ba. Baiti huɗu ta bi mu da ka, har inda mu muka manta ita ta ja mu.

Muna gamawa ta ce, “'Ya'yana ku shigo mana, na soya cincin tun jiya.” Shugabanmu ya durƙusa daga inda yake ya ce, “Mama ki yi haƙuri, bana ba hali, don ke muke yi.” Ta yi shiru can ta ce to ku tsaya. Ta ƙulla cincin ɗin a leda guda 8, ta zuro ta taga cikin bokiti da igiyar shanya, ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowa da sunan uwarsa.

Muka ɗauka. Nas ɗinmu ce ma ta fara miƙa hannu, ta share ido da gefen zaninta ta ce mu ƙara wa Mama waƙa ɗaya kafin mu tafi.