Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Turkawan ajina da kalmomi tara na Turanci

Makon jiya mun tsaya a inda aka ba ni ajin share fage, wato shekarar da Turkawa ke kira hazırlık, wadda ɗalibi ke yi yana koyon Turanci zalla kafin ya fara karatu a jami'o'in da ke koyarwa da Turanci, irin su Boğaziçi a Istanbul ko ODTÜ da Bilkent a Ankara. Wannan makon labari zai ɗan dakata, aikin kansa zan baje, domin malaman Turanci da ke bin wannan tarihi sun nemi in faɗi abin da ya fi ba Baturke wuya. Ba komai ba ne illa mataimakan aikatau guda tara: can, could, may, might, must, shall, should, will da would.

Kada ka ɗauka ma'anonin ne babu a Turkanci. Duk suna nan. Turanci kalma yake ajiyewa gaban aikatau, Turkanci kuwa ɗafa-ƙeya yake liƙawa a bayansa, wata bisa wata, kuma inda wannan harshe ya yanka ma'ana ba nan wancan ya yanka ba. Gel shi ne "zo". Ka liƙa masa -ebil ka sami gelebilirim, kalma ɗaya mai ɗauke da "zan iya zuwa", da "an yarje mini in zo", da "mai yiwuwa in zo". Aikin da can, could, may da might suka raba tsakaninsu ke nan. Sai -meli, ko -malı idan wasalin da ya gabata ya nemi haka: gitmeliyim, "dole in tafi" ko "ya kamata in tafi", wanda ke tsakanin must da should. Ɗafa-ƙeya biyu sun haɗiye kalmomi shida. Shi ya sa malamin da ya fara da jera kalmomin Turanci a allo yana ba kowace fassara, ya ɗauko abin ta wutsiya. Daga ɗafa-ƙeyar da ɗalibi ya sani ake farawa, a nuna masa gida nawa ta rabu a Turanci.

Kurakuran siga ba su da taurin kai. Za ka ji "I must to go", saboda gitmek zorundayım, "dole in tafi", yana da -mek, kuma tun firamare an ce masa -mek shi ne to. Za ka ji "He cans" da "Do you can swim?". Doka uku ke kashe su: ba a sa to bayan kalmomin taran, ba a ƙara musu s, kuma su da kansu suke komawa farkon jimla a yi tambaya. Minti biyar na maimaitawa da baki a farkon darasi, mako biyu, ya wadatar.

Wanda ya fi waɗannan daɗewa shi ne "I will can come". A Turkanci gelebileceğim daidai yake, iyawa da lokaci mai zuwa a jere cikin kalma ɗaya. Turanci ba ya yarda biyu daga cikin taran su haɗu, sai a ari be able to ko have to: "I will be able to come", "You might have to wait".

Inda ake zufa shi ne korewa. Ina rubuta jimloli huɗu na Turkanci a allo, bibbiyu, kafin in rubuta ko harafi ɗaya na Turanci. Gelemem: ba zan iya zuwa ba. Gelmeyebilirim: mai yiwuwa ba zan zo ba. Gitmemelisin: kada ka tafi. Gitmek zorunda değilsin: ba dole ba ne ka tafi. Babu Baturken da ke rikita waɗannan a harshensa, kamar yadda Bahaushe ba ya rikita "kada" da "ba dole ba". Amma da ya koyi cewa must da have to kusan abu ɗaya ne, sai ya ɗauka mustn't da don't have to ma haka suke. Sai ɗalibar aikin jinya ta rubuta "You don't have to take this medicine with alcohol", alhali hani take nufi. Ta mayar da hani zaɓi. Na biyun kowane layi ne ke wahala, don haka ina sa su haɗa kowace jimla da takwararta da hannunsu: can't, may not, mustn't, don't have to, a wannan jerin.

Akwai reshe a nan da littattafai da yawa ke wucewa da sauri. Evde olmalı, "lalle yana gida", shi ne "He must be at home". Kishiyarsa evde olamaz, kuma Turancinsa "He can't be at home". Ɗalibi kuwa mustn't zai sa, ya koma yana hana mutum zama a gidansa. Nuna masa cewa olamaz ɗin nasa ma daga gidan iyawa ya fito, ba daga gidan -malı ba, nan take zai ce "Haa, tamam hocam", wato to, Malam, na gane.

Shuɗaɗɗen lokaci kuma harafi biyu ko uku ne ke raba gaskiya da nadama. Gidebildim yana nufin na samu na tafi, kuma na tafi ɗin. Gidebilirdim yana nufin da na so da na tafi, amma ban tafi ba. Na farko shi ne "I was able to go" ko "I managed to go", na biyu "I could have gone". Ɗalibi yakan zuba su duka cikin could, ya ce "Yesterday I could pass the exam", Bature ya tsaya yana jiran ya ji ko ya ci ko bai ci ba. Could ba ya ɗaukar nasarar da aka yi sau ɗaya a baya, sai iyawa ta gaba ɗaya, irin "I could swim when I was six". A korewa dai couldn't yana aiki ko'ina. Haka gitmek zorunda kaldım, tilas ta sa na tafi, shi ne "I had to go", gitmeliydim kuma mafi yawan lokaci "I should have gone". Tambaya ɗaya nake sa su yi wa kowace jimla kafin su zaɓa: abin ya faru ko bai faru ba?

Wannan sashe ne masu shirin YDS suka fi matsa wa kansu a kai, jarrabawar harsunan waje da ÖSYM, hukumar jarrabawa ta Turkiyya, ke shiryawa tun 2013, tambaya 80 cikin minti 180. Suna haddace must have, should have, needn't have a jadawali, wasu har da kason tabbas a gefen kowace kalma. Jadawalin yana cin maki, ban musa ba. Amma na ga masu maki mai kyau da ba sa iya roƙon ruwan sha cikin ladabi.

Dalili kuwa Turkanci da lokacin sabo yake tayi da roƙo. Çay içer misiniz? tayin shayi ne, amma kalma da kalma ya zama "Do you drink tea?", baƙo ya amsa da e, yana sha, ba tare da ya san an yi masa tayi ba. "Would you like some tea?" ake nema. Kapıyı açar mısınız? kuma "Could you open the door?" ne. A wasiƙa zuwa ga malamin jami'a, -meli yakan fito a matsayin must, sai ka ga "You must check my paper again" daga yaro mai kunya wanda ko ido ba ya iya haɗawa da kai. Ina ce musu su fara gwada should a duk inda suka ji -meli, su bar must ga doka da abin da mutum ya ɗora wa kansa, idan kuma roƙo ne su bar duka biyun su ɗauki could you. Shall kuwa ba na ba shi fiye da minti goma: "Shall we go?" da "Shall I help?", shi ke nan.

Saura furuci. Tun da aka koma haruffan boko a 1928, Turkanci kusan yadda aka rubuta shi haka ake karanta shi, don haka l ɗin da ke cikin could, should da would sai an hana shi fita da gangan. Babu sautin w a harshen, will yakan zama "vil". Should have a bakin Bature "shudav" ne, kuma wanda bai taɓa furta shi haka ba ba zai ji shi a sauraro ba. A can da can't kada a sa ɗalibi farautar t, sau da yawa ba ta fita. Wasalin can yana raunana a tsakiyar jimla ya kusa ɓacewa, na can't yana fita cikakke da ƙarfi. Jimla goma, a karanta musu a gauraye, su ɗaga hannun dama ga can, na hagu ga can't.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari, daga hunturun farko a Ankara da neman gidan haya.