Godiya ga duk wanda ya sa hannu a lambun bayan gidanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, ranar Juma'ar da ta wuce muka yi tsinka ta farko mai auki a ɗan lambun da ke bayan gidanmu a nan Gusau: tumatir, latas, alayyahu, lawashi da ɗan tattasai. Mun ci, mun aika wa maƙwabta. Tun da na sa hotunan a Facebook ake ta yi mini barka, wasu har suna tambayar yadda aka yi. Na gode ƙwarai. Sai dai akwai masu haƙƙi a cikin wannan yabo, kuma ya kamata a san da su.

Abin da ya tura ni ga ƙasa kowa ya san shi. Bayan cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, a tsakiyar 2024 kuma tumatir da tattasai suka fi ƙarfin talaka, har gidaje da yawa suka koma miyar kuka da busasshiyar kuɓewa kullum. Ni haifaffen gari ne, aikina alli da allo, ban taɓa riƙe fartanya da sunan noma ba. Amma ga fili a bayan ɗaki yana tara leda da gwangwani, sai na ce bari mu gwada.

Shukar farko bazara ta cinye ta. Tumatir ya tashi ya yi fure, zafin Afrilu ya zo, furen ya riƙa zubewa ba ko ɗa ɗaya. Ta damina kuwa ruwan Agusta ya kwanta a kanta, abin da ya tsira ƙadangaru da awakin unguwa suka raba. A lokacin na yanke shawarar haƙura.

Godiyata ta farko bayan Allah tana ga wani dattijo da muke kira Baba, wanda muke haɗuwa da shi a masallacin unguwa. Mutumin yankin Bakalori ne, can wajen Maradun da Talata Mafara, ya yi noman rani a ƙarƙashin dam ɗin nan tun yana saurayi. Rashin tsaro ya raba shi da gonarsa, yanzu yana zaune da iyalinsa a wani kango da aka ara masa. Ya ji ina ba wani labarin asarar da na yi, sai ya ce in kai shi ya gani. Da muka shiga ya tsuguna, ya damƙi ƙasar ya murza, ya ce: "Ɗana, wagga ƙasa yunwa taka ji, ba ƙishirwa ba."

Daga nan karatu ya fara. Ya sa muka kwashe ɓaraguzan siminti, muka haɗa ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen kashin shanu da na awaki, muka bar ta tana shan ruwa kafin a sa iri. Ya hana ni kashin kaji ɗanye, ya ce yana ƙone saiwa, sai ya daɗe a jibge ya huce. Ya ja fangali ƙanana da bakin da zai riƙe ruwa. Ya ce tumatir da latas da albasa 'ya'yan hunturu ne, a yi renonsu da ƙarshen damina, a rufe da busasshiyar ciyawa har su tsiro, bayan kamar mako huɗu a dasa tumatir ɗin da yamma in rana ta yi sanyi. Irin alayyahu kuwa, saboda ƙanƙantarsa, a cuɗa shi da rairayi kafin a yafa, don kada ya cunkushe wuri ɗaya. Da farin ƙuda ya sauka a bayan ganyen tumatir, ya sa aka daka ganye da 'ya'yan dogon yaro, aka jiƙa suka kwana, aka tace, aka sa ɗan sabulu, muka fesa da yamma. Ban sayi maganin kanti ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake shigowa bayan asuba, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga ganye kamar mai duba jariri. Mutumin da ya saba da kadada, ga shi a kan filin da bai fi ɗaki biyu ba, amma bai taɓa raina shi ba. Na yi ta ƙoƙarin in yanka masa wani abu duk wata, da ƙyar ya yarda, sai da liman ya sa baki. Irinsu suna da yawa a Gusau yanzu, muna wuce su a bakin masallaci da tasha muna ganin masu neman taimako kawai, alhali a cikinsu akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna ciyar da mu. Baba, Allah Ya saka maka da alheri, Ya mayar da kai gonarka lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Sai uwargida. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san yadda ruwa yake da tsada in rani ya yi, jarkar 'yan garuwa ba a wasa da ita. Ita ta ajiye baho a wurin alwala, ta kuma riƙa tara ruwan wankin shinkafa da na ganye, ta ware wanda ke da omo don kada ya taɓa shuka. Da wannan ruwa rabin lambun ya rayu. Safiyar da na fita da wuri ita ke ban ruwa, kuma ita ta kawo dabarar lulluɓe reno da tsohon gidan sauro da ya yage, ƙadangaru da kaji suka rasa hanya. Allah Ya bar mu tare, Ya biya ki da Aljanna.

Ina gode wa ƙanena da ke karatu a Aliero, wanda ya kawo mini irin albasa daga can gidanta. Ina gode wa Kawu da ya aiko da kara daga ƙauye aka yi darni, da maƙwabcinmu mai awaki, wanda da ya ji abin da ya faru ya zo da kansa ya ba da haƙuri, ya ɗaure dabbobinsa, ya kuma buɗe mana turkensa muka kwashi taki kyauta. Ɓarnar awakinsa ba ta kai alherin takinsa ba, kuma zumuncinmu ya ƙaru. Goggo ma na gode da sandar zogalen da kika ba ni, ta kama, har ta fi katanga tsawo. Yaran gida da na maƙwabta da suka yi ta jigilar buhunan taki a baro, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku ilimi mai amfani.

Ga masu tambayar da me za su fara: Baba ya ce alayyahu, domin cikin mako uku zuwa huɗu za ka fara yanka, ka samu ƙarfin gwiwa. In damina ta faɗi sai kuɓewa da yakuwa da rama, waɗanda ba sa tsoron zafi. Wanda gidansa siminti ne ya cika buhuna da ƙasa, ya huda su ta ƙasa don ruwa ya fita. Mun bar wasu alayyahu suna yin kai don iri, in sun bushe duk wanda ke so a unguwa ya zo bayan la'asar da takarda ko kwalba mai murfi. Wanda kuma yake son a zo a duba masa fili, ya yi mini magana in haɗa shi da Baba, amma da sharaɗin zai biya shi ladan aikinsa.