Ƙwai shida

Har yau idan na bi ta layin ƙwai a kanti sai in ji kunya ta lulluɓe ni, alhali an fi shekara da yin abin.

Lokacin watana biyu da zuwa Ingila. A ɗakin gwajin da nake karatu, duk Litinin ana kawo mana kiret-kiret na ƙwan kaji masu zakara, mu jera a injin ƙyanƙyasa a zafin digiri 38. Bayan kwana biyu sai mu zuƙe ɗan farin ƙwan da sirinji, mu yanka taga a ɓawon da almakashi, mu ɗura tawada ƙarƙashin ɗan tayin don ya fito sarai a madubin ƙara girma. Abin da ya ragu ba a taɓa ba, zubarwa ake yi. Ni kuwa ɗan Tudun Wadan Zariya ne, a gidanmu ko ƙanzo jiƙa shi ake yi. Na ɗebi shida, lafiyayyu, ko injin ba su shiga ba, na naɗe a jarida na cusa a jaka. Matar da ke kula da ɗakin gwajin ta gan ni, ba ta ce uffan ba. Sai ranar Laraba a taron mako ta ce tana tunatar da mu duka cewa ko tsinke ba ya fita daga ɗakin nan. Duka su wa? Mu tara ne, kowa ya duƙufa yana kallon kofin shayinsa. Da jana gefe ta yi ta wanke ni tas, wallahi da ya fi min sauƙi.

Washegari na tarar da kwalin ƙwan kanti a teburina, babu suna. Har gobe ban gane ba, alheri ne ko shaƙiyanci. Na dai soya na ci da haushi.

Abin da ke ƙara ƙona min rai, a duk ɗakin ba wanda ya fi ni hannu a kan ƙwan nan. Lakar ɗan tsako tana farawa ne kamar siririn bututu, ƙwayoyin halittar cikinsa duk kamarsu ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai 'yar igiya da ake kira notokod, ita da gindin bututun suna fitar da wani furotin, Sonic hedgehog, sunan bushiyar wasan kwamfuta da aka laƙaba masa a 1993. Yana bazuwa ne kamar turaren wuta a ɗaki: na kusa da kasko ya sha hayaƙi, na bakin ƙofa ya ɗan ji ƙamshi. Ƙwayoyin da suka fi sha sukan kunna wata ƙwayar gado mai suna Nkx2.2. Na bayansu su kunna wata, Olig2, su ne za su zama jijiyoyin da ke motsa tsoka. Haka abin ke hawa, layi biyar. Daɗewa ma da nata: ƙwayar da ta fara da Olig2, in ta jima cikin hayaƙin, takan sauya zuwa Nkx2.2. Iyakar layukan kuwa ba ta dagulewa, domin Nkx2.2 da Pax6, wata ƙwayar gadon da layukan bayanta ke kunnawa, kishiyoyi ne, inda ɗaya ta zauna ɗayar ba ta shiga. Aikina shi ne in tura ƙwayar gado cikin bututun da allurar gilashi, in ba shi ɗan lantarki ta shiga ɓari guda, in liƙe tagar da salatif, kwana ɗaya ko biyu in duba ko iyakar ta gusa. Ranar da na fara ganin layin kore, launin da muke yi wa ƙwayoyin alama da shi, ya haura inda bai kamata ba, ƙarfe 9 na dare ne, na juya in nuna wa wani, ba kowa sai ƙugin firji.

Sai na kira Inna. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan yaro, wai har yanzu ƙwan ne?" Maƙwabta dai likitan ƙwaƙwalwa ta ce musu nake karanta, kuma na daina gyara mata. A daren ne na ba ta labarin ƙwai shidan, wanda ko abokaina ban faɗa wa ba. Ta yi shiru, na zaci faɗa za ta yi. Can ta ce, "To su da suke zubarwa, garin babu almajirai ne?" Na yi dariya har da ƙwalla.

Daga nan ta koma kan jar kazarta da ke kwanci a bayan randa, ƙwai goma sha ɗaya, muzurun gidan Malam ya hana ta sakat. Rufin ɗakin Baba na yoyo. An sa ranar ƙanwata bayan Babbar Sallah, kayan ɗaki saura gado da kujeru, ƙanena kuma ya ce shi ya gama da makaranta, Keke Napep yake so. Ba ta ce in aiko da kuɗi ba, ba ta taɓa cewa ba. Ta dai tambaya ko zan samu zuwa ɗaurin auren. Na ce in sha Allahu, idona a kan kalandar bango inda na riga na rubuta odar ƙwai a wannan makon.