Wasiƙa daga Kansas City: kasuwar makaɗa, da takardun da suka hana Kawu zuwa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina gaida kowa, babba da yaro, da fatan damina ta yi albarka. Gaisuwar ta tsaya haka, don in na ce sai na bi gida gida tun daga ƙofar Maigari har bakin fadama, dare zai yi ban faɗi abin da ya zaunar da ni ba.

Tun ranar da na sa hoton nan a WhatsApp, wanda nake tsaye da kati rataye a wuya kusa da wani Bature mai furfura riƙe da abin kiɗa, ban huta ba. Yaya ta kira tana tambaya ko roƙo na koma a Amurka. Abokai na ta tsokana wai nawa aka liƙa mini. Wasu kuma da gaske suke tambaya, musamman 'ya'yan gidan Kawu, makaɗin gurmin nan namu: wane taro ne, kuma me ya hana tsohon zuwa bayan an yi ta cewa zai zo? Na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. In wuri ya rage zan taɓa zancen abinci da kuɗin haya da yadda muke azumi a nan, tunda su ma kuna yawan tambaya.

Taron na wata ƙungiya ce mai suna Folk Alliance International. An kafa ta a 1989, ofishinta kuma yana nan Kansas City ta jihar Missouri, garin da nake zaune. Duk shekara tana tara masu kiɗan gargajiya da duk wanda ke cin abinci a gefensu: masu shirya bukukuwa, masu gidajen wasa, 'yan rediyo, masu buga faifai, da dillalan da ke nema wa makaɗi wurin wasa. Na 2024 an yi shi a watan Fabrairu a otal ɗin Westin Crown Center. Na 2025 kuma a Montreal ta Kanada aka tsara yin sa. Ni ba kiɗa na je yi ba. Aikin sa kai na shiga, ina duba katin masu shiga a bakin ƙofa, ladana kuwa shi ne in na tashi aiki in shiga duk inda nake so kyauta.

Kafin in shiga ciki, ku bar ni in yi ƙorafin sanyi. Ku da kuke cewa hunturun Hadeja ya yi tsanani don kaushi ya fasa ƙafa an kwana biyu ba a yi wanka ba, ku gode wa Allah. Ran 13 ga Janairun 2024 an yi wasan ƙwallonsu, irin wadda ake runguma a gudu da ita, a cikin garin nan ma'auni irin namu yana nuna 20 ƙasa da sifiri, kuma mutane suka cika filin. Ni a makon nan ko shara ban fita zubarwa ba sai da na sa wando biyu. Gashin hanci daskarewa yake yi. Mota in ta kwana a waje sai ka kankare gilashinta da wani ɗan abu kamar mai kankare ƙanzo a tukunya. Ga wani ƙarin rikici, ma'auninsu daban ne da namu: a wurinsu 32 ne ruwa ke daskarewa, don haka shekarata ta farko da na ji rediyo ya ce gobe 30, sai na fita da riga ɗaya ina murna. Allah ya taimaka lokacin taron sanyin ya sassauta, kuma dai komai a cikin gini ɗaya ake yi, akwai wanda ya kwana huɗu bai ga rana ba.

Da aka ce mini taron makaɗa, abin da ya zo mini a rai shi ne kalankuwa, yadda muke yi bayan kaka in an kai amfani gida, samari da 'yan mata na ƙauyuka su hallara a kwana ana cashewa. Ko kuma ajo, inda makaɗi ke gayyatar iyayen gidansa a tara masa abin arziki. Ashe duk ba haka ba ne. Wannan kasuwa ce, ta fi kama da Maigatari ranar Alhamis, sai dai maimakon raƙuma da shanu, waƙa aka kawo. Makaɗi shi ke biyan kuɗin rajista, ya biya jirgi, ya biya ɗaki, don kawai a saurare shi. Babu liƙi, ko dala ɗaya ban ga an manna wa wani a goshi ba. Babu sanƙira mai ɓaɓatu yana cewa wane ya ba da kaza. Mutum zai yi wasansa na kamar rabin awa, masu sauraro na zaune shiru, wasu na rubutu a ɗan littafi, ya gama a tafa masa, ya tattara kayansa na gaba ya hau. Ribar tana zuwa ne bayan watanni, in wata mai shirya biki da ta zauna a kujerar baya ta aiko masa da saƙo ya zo ya yi musu wasa da bazara.

Abin da ya fi ba ni mamaki da dare yake faruwa. In an gama wasannin manyan zauruka, wajen ƙarfe goma da rabi, sai kowa ya yi sama. Hawa uku na otal ɗin an mayar da ɗakunan kwanansu wuraren wasa, wasu an fitar da gadajen an jera kujeru. Kowane ɗaki da makaɗinsa, ana yi har wajen ukun dare. Bango duk an lulluɓe shi da takardun talla. Kana tafiya a baranda, nan goge irin nasu, can jita, gaba kaɗan wasu mata uku na rera waƙa ba kiɗa. Na ga dattijo da ya yi jika yana wasa da dukan ƙarfinsa a gaban mutum biyar, ɗaya ma gyangyaɗi yake. Sai na tuna Kawu, wanda in bai ga fili ya cika ba ko gurmin ba ya cirewa daga jaka.

A ɗaya daga cikin ɗakunan nan na haɗu da Baturen cikin hoton. Abin da ke hannunsa banjo ake ce masa. Da na dube shi da kyau sai na ga ai ɗan uwan gurmi ne: fata a ɗaure kan baki mai zagaye, ga sanda, ga tsirkiya. Shi da kansa ya gaya mini asalin abin daga wajenmu yake. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su suka fara haɗa shi da duma da fata a can tsibiran Karebiyan da Amurka, daga baya aka mayar da shi na katako da ƙarfe. Na ce masa tsaya ka ji. Na ciro waya na kunna masa abin da na ɗauka a bikin ƙanwata shekara uku da suka wuce, Kawu na kaɗa gurmi, ga kukan jaki da hayaniyar yara a baya. Ya saurara sau uku. Ya kira wata mata mai shirya bikin kiɗa a wata jiha, ita ma ta saurara, ta ce tana so ya zo.

Daga nan wahala ta fara. Tambayarta ta farko: ina ɗan tarihinsa a rubuce, ina hoto mai kyau, ina bidiyon da aka ɗauka a natse? Babu ko ɗaya. Mutumin da ya fi shekara arba'in yana kiɗa, wanda daga Auyo har Kafin Hausa ba ƙauyen da bai kwana ba, in ka rubuta sunansa a intanet ba abin da zai fito. Wannan na ce mai sauƙi ne, na sa ƙanena ya hau babur ya je ya ɗauko.

Sai biza. Tunda za a biya shi kuɗin wasa, bizar baƙunci ba ta yi. Akwai wadda aka ware wa masu fasahar gargajiya, P-3 ake kiranta, kuma ba makaɗin ne ke fara nema ba, wanda ya gayyace shi ne zai shigar da takarda a nan, fom mai lamba I-129. Daga watan Afrilun 2024 kuɗin fom ɗin kaɗai ya koma dala 1,015, ƙananan ƙungiyoyi da waɗanda ba na riba ba su biya 510. Ban da ladan lauya. In kana gaggawa a duba maka da wuri, a 2024 dala 2,805 ake ƙarawa. Ku lissafa da canjin yau ku ga buhun gero nawa ke nan. Bayan haka ana son wasiƙa daga ƙungiyar ƙwadago ta makaɗan nan, sannan a kawo hujjar cewa kiɗan nasa na gargajiya ne na haƙiƙa: ko dai shaidar masana a rubuce tare da bayanin inda suka samo iliminsu, ko abin da jaridu suka rubuta a kansa. Na yi dariya ni kaɗai. Wa ya fi Sarkin Makaɗan garinmu sanin gurmi? Amma ba shi da takarda mai tambari a sama, kuma ba jaridar da ta taɓa zuwa kalankuwarmu.

Duk wannan ma da an lallaɓa. Abin da ya karya mu a gida yake. Da aka zo yin fasfo aka tattaro takardun Kawu, sai ga mutum ɗaya da suna uku. A katin zaɓe an sa masa sunan ƙauye a matsayin suna na biyu. A katin ɗan ƙasa sunan mahaifinsa. A banki kuwa laƙabinsa na kiɗa wani yaro ya rubuta masa. Shekarar haihuwa biyu ce daban, abin da suka yi tarayya a kai kawai shi ne 1 ga Janairu, ranar da aka haifi rabin dattawan ƙasarmu. Aka shiga gyara, yau a je Hadeja, gobe a ce sai Dutse, jibi a ce na'ura ba ta aiki. Tsoho ya yi sawu huɗu, a na biyar ya ce shi ya haƙura, ga shuka ta zo, Amurka ba Makka ba ce. Lokacin bikin matar ya zo ya wuce. Ba wanda ya hana shi biza, kamar yadda na ji ana yaɗawa a majalisa, ko kusa da layin ba mu kai ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. A wajen taron na ga yara 'yan shekara ashirin da ba su kai rabin Kawu a hannu ba, amma kowannensu na da kati mai sunansa, da jerin waƙoƙinsa a rubuce, kuma ya yi musu rajista yadda duk gidan rediyon da ya sa su akwai ɗan abin da zai shigo masa. Mu kuwa ka je kasuwar Gujungu, mai tura waƙa zai cika maka waya da muryoyin mutanen da shi ma bai san sunansu ba, ya karɓi kuɗinsa, mai waƙar ko goro. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda rediyo da kaset suka riska da ƙarfinsu, irin su Shata da ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi da ya rasu a 2015, da namu na Hadeja, Haruna Uji, wanda ya fitar da gurmi ko'ina aka san shi. Amma masu gangar noma da suke tayar da gayya, da matan da ke kiɗan ƙwarya da shantu a cikin gida, da mai garayar mafarauta, in sun tafi shi ke nan. 'Ya'yansu sun koma fiyano, wasu ma kunyar a ce gidan makaɗa suka fito suke ji, tunda har yau in ɗan makaɗi ya je neman aure sai an yi ƙus-ƙus.

Ba ina cewa mu kwaikwayi komai nasu ba ne. Wasan da ba rawa, ba guɗa, ba kirari, ni dai bai cika mini ciki ba, kuma na tabbata da Kawu ya zo ya ga mutane zaune tsit kamar ana karatun wasiyya, da ya ɗauka bai burge su ba. Amma wayar da ke aljihunku ta fi na'urar da aka ɗauki su Narambaɗa da ita nesa ba kusa ba. A samu safiya kafin injin markaɗe ya tashi, a zaunar da tsoho a zaure, a jingina wayar da bulo kada ta yi rawa. Kafin ya fara, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, da wanda ya koya masa, da wanda aka yi wa waƙar da dalilinta. Ku 'yan makaranta kuma, ga Jami'ar Sule Lamido nan Kafin Hausa a bakin ƙofa, ga Bayero a Kano. Mai neman abin da zai rubuta kundin kammala digiri a kai, ga shi nan a unguwarku yana gyaran tsirkiya. Irin wannan kundin, da sa hannun malamin da ya duba shi, shi ne hujjar da lauya ta yi ta nema muka rasa. Wanda kuma zai raka iyayensa yin kowane irin kati, don Allah ya tsaya a kan mai rubutun har ya ga sunan ya zo daidai da na sauran.

Zancen abinci: ana samun garin masara da kuɓewa, daddawa ce sai an aiko. Haya kuwa kada ku tambaya. Azumi sai wata wasiƙar.

Matar nan ta sake rubuto mini a makon jiya, ta ce ƙofa a buɗe take baɗi in takardu sun kammala. Ban gaya wa Kawu ba tukuna, kuma kada wanda ya riga ni, sai an cire gero hankalinsa ya kwanta. Kai kuma ƙanena, bidiyon da ka turo na biyu ya fi na farko, amma kan tsohon ya fita daga hoton, gurmin da gwiwoyinsa kawai ake gani. Ka koma ranar Juma'a bayan an sauko, ka ce ya sa babbar rigarsa mai ruwan ƙasa.

Naku,
ɗanku da ke Kansas City