Ni da Duna: daga sarƙa zuwa bakin kogi

Asabar ɗin da ta wuce, bayan an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, na kwance wa karena Duna igiya a bakin Kogin Kaduna ta can gefen Malali inda masu lambu suke, ya zura da gudu cikin ciyawa har ba na hango komai sai jelarshi. Kwatsam sai ga wasu awaki sun ɓullo ta bayan wata gona, wallahi gabana sai da ya faɗi, don na san irin rigimar da ake yi in kare ya taɓa dabbar mutane. Na yi fito sau ɗaya na ce "Duna, zo!" Ya tsaya cak. Ya kalli awakin, ya waiwayo ya kalle ni, sai kawai ya juyo a guje ya zo ya zauna a gabana yana haki. Duk hantar da ta rage a ledar aljihuna na juye mishi, ina shafa wuyanshi ina jin wani irin daɗi da ban san yadda zan kwatanta ba.

Wanda bai san inda muka fito ba zai ce to mene ne a ciki, an kira kare ya zo. Amma shekara ɗaya da rabi da ta wuce wannan karen in ya ji muryata ƙarƙashin tankin ruwa yake shigewa.

Asali ni ba mai sha'awar kare ba ne. An haura mana katanga sau biyu cikin damina ɗaya, na farko aka kwashe kajin uwargida, na biyu aka kwance batirin mota, shi ne ƙanina ya kawo min ɗan kwikwiyo da bai wuce wata biyu ba, karen gida ne irin namu ba na Turawa ba, baƙi wuluk da ɗan fari a ƙirji. Kafin in karɓa sai da na je wajen malaminmu, don ba na son in ajiye abin da zai riƙa rage min lada. Ya ce hadisi ya ba da dama a kan karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun haɗa gadin gida a ciki in akwai buƙata, har ya ba ni labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid, wanda ya ajiye kare lokacin da katangar gidanshi ta faɗi. Ya kuma ce tunda na ɗauko shi to ci da shanshi da lafiyarshi duk suna wuyana. Don haka Duna a tsakar gida yake, da ɗan ɗakinshi ta wajen get, ba ya shiga ɗakunanmu, kwanonshi daban.

Inda na yi kuskure shi ne shawarar majalisa. Kowa ya zama gwani. Wannan ya ce ɗaure shi da sarƙa kar ya saba da mutane, wancan ya ce zuba mishi barkono a abinci ya yi zafin rai, wani ya ce kare ba ya jin magana sai da duka. Barkonon kam ban yi ba, amma sarƙa da tsawa da jifa da silifas duk na yi, kuma har yau abin yana damuna. Me na samu? Kare mai tsoro. In na miƙa hannu sai ya maƙale yana fitsari, da daddare kuma haushi ba ƙaƙƙautawa, ko leda iska ta kaɗa sai ya tashi unguwa. Ran da ya kuɓuce daga sarƙa kusan awa biyu muna zagaye layi, da ya hango ni sai ya ƙara gaba.

Likitan dabbobi ne ya fara buɗe min ido ranar da na kai shi allura. Ya lura da yadda yake sunkuyar da kai in na ɗaga hannu, ya ce "Malam, in ka kira shi ya zo, me yake samu a wajenka?" Na yi shiru, don amsar ita ce duka ko ɗauri. Ya ce to kai ka koya mishi gudu da kanka. Bayan kwana biyu na ba wani dattijo maƙwabcinmu labarin, tsohon mafarauci ne, ya yi dariya ya ce "Yaro, mu in kare ya kamo zomo kayan ciki nashi ne, nan take a wurin, shi ya sa gobe zai sake kawo maka." Na ce Baba ashe abin da likita yake faɗa kun daɗe da saninshi. Ya ce ai ko a Suratul Ma'ida an yi maganar dabbobin farauta da ake koyarwa, koyarwa fa aka ce.

Daga nan na shiga bincike a waya. Turawa sun daɗe da nazarin abin. Wani masani ɗan Amurka, B.F. Skinner, tun shekarun 1930 ya nuna da ɓeraye, daga baya da tantabaru, cewa duk halin da dabba ta yi ta samu alheri a kai to za ta maimaita shi. Wata mata kuma Karen Pryor ta horar da dabbar ruwan nan dolfin a Hawayi a shekarun 1960, kuma wannan ne ya fi tsaya min a rai, don dolfin ba ka da yadda za ka sa mata sarƙa ko ka zane ta, in ta gaji da kai nutsewa kawai za ta yi, saboda haka da usur da kifi aka yi aikin. Na ce to in abin da ke cikin teku ya koyu ba bulala, ina ga Duna da ke tsakar gidana.

Ga yadda na yi. Nakan sayi hanta wajen mahauci in dafa ba gishiri ba magi ba yaji, in yanka ƙanana ƙanana kamar ƙwayar wake. Ƙanana fa, don so ake ya haɗiye ya sake kallonka, ba ya koma gefe yana tauna ba. Satin farko ban koya mishi komai ba, zama kawai nake a kan benci nesa kaɗan, in ya kalle ni in jefa mishi ɗaya, in ya matso in jefa wata, har ranar da ya ci a tafin hannuna. Sannan muka shiga "zauna". Ka riƙe naman a saitin hancinshi ka ɗaga sama ka yi baya kaɗan, kanshi zai bi naman, gindinshi zai sauka ƙasa da kanshi ba sai ka danna shi ba. Yana taɓa ƙasa sai in ce "Yauwa!" in ba shi. Turawa wani ɗan abu suke latsawa ya yi ƙas, ni kuma yauwa ta ishe ni, amfaninta ɗaya ne, ta gaya mishi daidai wannan abin da ka yi yanzu shi ne ya jawo naman.

Lokaci shi ne komai a harkar nan. Daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ne tsakanin aikin da ladan, in ka tsaya lalube a aljihu har ya miƙe to miƙewa ka biya. Haka ma ta ɓangaren laifi, ka dawo daga kasuwa ka tarar ya tauna takalmi tun hantsi ka hau shi da faɗa, shi a wajenshi dawowarka ce ta kawo masifa, takalmin ya manta da shi tuni. Wannan sunkuyar da kan da muke cewa ai ya san laifinshi, tsoron fuskarka ne kawai. Ni yanzu takalma nake ɗaukewa, in ba shi abin da zai tauna nashi.

Minti biyar muke yi, safe da yamma kafin ya ci abinci, kuma ina tsayawa tun yana marmari. Kalmominmu biyar ne, zauna, kwanta, tsaya, zo, bari, kuma sai da na tara yaran gidan na ce kowa waɗannan zai faɗa, kar wani ya ce zo wani ya ce taho wani ya ce yaka.

Wani abokina ya ce ai wannan cin hanci ne, ran da ba nama ba biyayya. Ban yarda ba. Cin hanci shi ne ka nuna mishi naman tukuna yana gani sannan ya yi. Ni bayan kwana kaɗan na ɓoye ledar, hannu wayam nake ba da umarni, sai ya yi sannan lada ya fito. Da abin ya zauna kuma sai na koma wani lokaci in ba shi wani lokaci yauwa kawai da shafa, wani lokaci ladan ma shi ne in buɗe get mu fita. Waye a cikinmu zai yi ta zuwa aiki wata da watanni ba albashi? Masu cewa zai lalace ya daina gadi kuma, su zo layinmu ƙarfe biyun dare su taɓa ƙofa. Haushi yana nan, bambancin kawai yanzu in na leƙo na ce bari, ya bari.

"Zo" ce ta fi cin lokaci, wata huɗu muka yi. Na sayi doguwar igiya kamar mita 10, muka fara a tsakar gida, muka koma wani fili a bayan layi, sannan bakin kogi. Doka ɗaya na kafa wa kaina, duk abin da ya yi, ko ya ɓata min rai ya kai ina, in dai na kira ya zo to alheri zai tarar. Kuma ba na kiranshi sai lokacin tafiya gida kawai, a'a, nakan kira shi in ba shi in ce je ka, ya koma wasanshi, don kar ya ɗauka zo tana nufin daɗi ya ƙare.

Yawon nan kuwa ni ma ya canza ni. An haife ni a garin nan, kullum ina tsallaka gada a mota, amma ban taɓa sanin kogin ba sai da kare ya ja ni. Da sassafe za ka ga masunta a kwalekwale, masu ɗibar yashi, balbelu fari fat a kan duwatsu, masu lambu suna ban ruwa. Lokacin hunturu ya fi daɗi, ruwa ya ja baya, yashi ya fito, hazo ya kwanta a kan kogin, Duna yana ta gudu yana atishawa. Ina barinshi ya sunsuna abin da yake so, don an ce hancin kare yana da ƙwayoyin jin ƙamshi sama da miliyan 200, namu kuwa wajen miliyan 6, kuma na lura ran da ya sha sunsune ya fi yin barci da rana ya bar tonon fulawar uwargida.

Bazara sai a yi hattara. Watan Maris da Afrilu in ƙarfe takwas ta yi mun riga mun dawo, don kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, kwalta kuma tana ƙona mishi tafin ƙafa, ka ɗora bayan hannunka a kai in ba za ka iya jurewa ba shi ma ba zai iya ba. Gorar ruwa da ɗan kwano ba sa barin jakata. Damina kuma kaska, muna dawowa sai na duba kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu, a cire ƙarangiya in ta maƙale. Wajen Agusta da Satumba in kogi ya cika ba na kwance igiya sam, ruwan yana da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani. Nisa cikin daji ma ba ma yi, kowa ya san halin da ake ciki, inda mutane suke nan muke tsayawa.

Cikin unguwa kuwa igiya gajera, dole. Mutane da yawa ba sa son kare ya matso su, wani da alwalarshi zai tafi masallaci, wata tsoro take ji, kuma haƙƙinsu ne. In na hango 'yan Islamiyya sun taso sai mu tsallaka ɗaya gefen in ce zauna har su wuce. In ya yi kashi a hanya ina da leda. Lambun mutane ba ma shiga. Yaran da da suke jifanshi da dutse yanzu tsayawa suke daga nesa suna cewa "Baba, ka ce ya kwanta mu gani."

Dan Allah duk mai kare ya yi wa karenshi allurar ciwon haukan kare. Ana farawa yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a ajiye katin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tun 1924 take, don haka kula da lafiyar dabbobi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma in alamu suka bayyana da wuya a tashi. In kare ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti a ranar, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Sannan wajen lada, kar a ba shi tsire ko kilishi saboda yaji, albasa da tafarnuwa suna lalata mishi jini, cakulan da inabi da zabibi guba ne a wajenshi, dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake ya soke shi a ciki.

Har yanzu akwai abin da ya gagare mu, mashin. Da ya ji ƙarar mashin ta taho jikinshi sai ya ɗau rawa yana son ya bi. Yanzu da yamma nakan zauna da shi nesa da titi inda zai ji ƙarar amma bai kai ga tashi ba, mashin na wucewa in ce yauwa in ba shi, kullum muna ɗan matsowa taku biyu uku. Jiya guda shida suka wuce, biyar ni ya kalla, na shidan mai salansa a fashe ne ya miƙe yana haushi, sai muka koma baya inda muka faro. Na riga na dafa hantar gobe tana firji.