Dalilin da na'ura ta faɗa ba lallai shi ne ya sa ta yanke hukunci ba

Babban samfurin harshe, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira mai karanta rubutu ta ba da amsa, zai raba maka saƙonnin abokan ciniki zuwa ƙorafi, yabo da tambaya cikin ƙiftawar ido. Wahalar tana zuwa ne ranar da aka ce ka bayyana abin da ya jefa wani saƙo cikin ƙorafi. Da yawa sukan ce samfurin ya yi bayani da kansa, bayanin kuwa zai fito sumul. Sai dai a 2023 mai bincike Miles Turpin da abokan aikinsa sun jera wa samfuri misalan tambayoyi masu zaɓin amsa ta yadda amsar daidai kullum take kan zaɓin A. Samfurin ya karkata zuwa A a sabbin tambayoyi, amma da ƙyar bayaninsa ya taɓa ambaton hakan.

Saboda haka kada ka yarda sai ka gwada. Ka umarce shi ya kwafo jimlar da ya dogara da ita, harafi da harafi, sannan manhajarka ta duba ko jimlar tana cikin saƙon da gaske, domin yakan sake tsara ta da kalmominsa. Daga nan ka goge jimlar ka sake turawa. In hukunci bai motsa ba, ba ita ce dalili ba. Ka kuma tura jimlar ita kaɗai ka ga ko hukuncin zai tsaya. Waɗannan ma'aunai biyu ne ERASER, wani tsarin gwajin bayanin da samfura ke bayarwa, ya yi amfani da su a 2020.

A kula da gogewar kalma ɗaya-ɗaya. Cire "bai" daga "kayan bai iso ba" yana haifar da rubutun da babu mai rubuta irinsa, sai sakamakon ya ruɗe. LIME, wani tsarin gano kalmomin da suka jawo hukunci wanda ya fito a 2016, a tsarinsa na asali yana ƙirƙirar kwafi 5,000 na rubutu guda, yana goge wasu kalmomi a cikinsu. Ga samfurin da ake biya kan kowane rubutu da aka tura masa, wannan tsada ce. Gara a goge jimla-jimla.

A ganina hanya mafi inganci ita ce a karɓe hukunci daga hannun samfurin. Ka rubuta ƙananan tambayoyi 10 zuwa 20 masu amsar e ko a'a: an ambaci jinkiri? an nemi a mayar da kuɗi? an ce kaya sun lalace? Samfurin ya amsa su kawai, sannan ƙaramin lissafi mai ba kowace amsa nauyi ya fitar da rukuni. Nauyin nan kowa zai iya karanta shi, kuma in an yi kuskure za a ga tambayar da ta jawo shi.

Abu biyu ke ɓata wannan tsari. Tambayoyi masu kama da juna suna raba nauyi tsakaninsu har kowace ta zama kamar ba ta da tasiri, don haka a haɗe su. Tambaya irin "shin marubucin yana ƙorafi?" kuwa hukuncin ne ya shigo ta bayan gida. Daidaito zai hau, amma ka koma inda ka fara. A cire ta, ko da maki zai ɗan sauka.